Jan Ƙyalle Biyu a Bakin Titi

Litinin, 6 ga Oktoba

An koma makaranta yau bayan hutun zaɓe. Namu ya faɗi, nasu ya ci. Na rubuta ne don in ga ko maganar za ta fi sauƙi a takarda. Ba ta fi ba.

Na ɗauki jan ƙyallena na fita bakin titi kamar kullum. Tun da na ajiye alli, aikin da ya rage mini ke nan: ni a wannan gefen, Tela a wancan, muna tsallakar da yaran unguwa zuwa firamaren gwamnati. Titin hannu biyu ne, mutum ɗaya ba zai iya ba. In na tsayar da motocin gefena sai in ce "To!" In ya tsayar da nasa ya amsa "To!" Sannan a saki yara. Shi ya ɗinka ƙyallayen, ya ba ni gajeren, wai daidai tsawona.

Yau ya zo da hular jam'iyyarsu a ka. Ban ce "To" ba. Shi ma bai ce ba. Da ido muka yi aikin.

Laraba, 8 ga Oktoba

Aku, jikata mai bakin da ba ya hutawa, ta dawo shiru. Sai da na ce ko an sayar da harshen ne, sannan ta buɗe baki. A ajinsu aka kaɗa ƙuri'a, har yanzu akwai tawada a kan bencinsu. Lokacin hutun tara yara suka yi wasan zaɓe, suka ce 'ya'yan gidajen da suka faɗi su koma bencin baya. Ita da jikar Tela benci ɗaya suke tun aji ɗaya, yau an raba su.

Na ce, Malama fa? Ta ce da Malama ta shigo ta jera su a jikin bango, gajere gaba, dogo baya, kowa ya koma inda tsawonsa ya kai shi. "Kaka, ni da ita tsawonmu ɗaya, babu yadda za su yi."

Haka nake jera su a zamanina. Na ji daɗi. Amma wa ya koya wa 'yar shekara takwas wane gida ne ya faɗi?

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ciwon gwiwa. Babu "To".

Asabar, 11 ga Oktoba

Babban ɗana ya rufe shagon maganinsa da wuri ya zo ya zauna a bakin tabarmata. In ya cire takalmi ya zauna haka, da magana. Yana so ya cire Aku ya kai ta makarantar kuɗi da ke bayan gidan mai. Wai duk mutanenmu can suke kwashe yaransu. Wai an ce za a sauya malamai a kawo nasu. Wai an ce Malamar ajin Aku ta yi rawa ranar da aka faɗi sakamako.

Na ce wa ya ce? Ya ce ana faɗa. Na ce shi wannan "ana" ɗin, gidansa ina ne, in je mu gaisa?

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, zamaninku daban."

Na karanta masa karatun da na saba: a aji ɗaya na koyar da ɗan alƙali da ɗan mai wankin mota, bulala ɗaya, alli ɗaya. Yaro in ya wuce ƙofar makaranta ya zama na makaranta, uba ya koma gida. Iyaye nawa na kora daga bakin taga da wannan maganar? Ina faɗa ina jin muryata kamar rediyon da batirinsa ya kusa ƙarewa.

Talata, 14 ga Oktoba

An fasa tagar ofishin Hedimasta. Namu sun ce nasu ne, nasu sun ce namu ne. Maigadi ya ce ƙwallo ce. Babu wanda ya so jin na maigadi.

Kakata in tana ba mu tatsuniya, daga an naɗa sabon sarki sai ta ce a tafi a kwanta. Ba ta taɓa gaya mana yadda maƙwabta suka gaisa da safe ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba



Da safe na tsayar da gefena. Na hango Tela ya ɗaga hannu, na ɗauka ƙyalle ya ɗaga, ashe hularsa yake gyarawa. Na saki yara. Mai babur ya taho ta gefensa, ya taka birki har ya juye a kwalta. Kwanon abincin Aku ya yi sama, murfin ya gangara har cikin kwata. Tsakanin Aku da tayar bai kai taku ɗaya ba.

Babu wanda ya ji ciwo sai gwiwar hannun mai babur. Ya tashi yana karkaɗe wando ya dube ni, ya dubi Tela, ya ce, "Baba, ku da kullum kuke cika mana kunne da To, To, yau kurame kuka zama?"

Tela ya tsallako. Jikarsa ce ke riƙe da hannun Aku. Na zaci zai zage ni, na ma shirya amsa. Sai ya sunkuya, da ƙugun nan nasa mai ciwo, ya zaro murfin daga kwata ya goge da jan ƙyallensa ya miƙa mata. Bai dube ni ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Labari ya riga ni isa gida tun jiya. Surukata ta ajiye mini abinci ba tare da "sannu Baba" ba. A bakin mutane har an mayar da shi wai da gangan Tela ya ƙi tsayar da babur. Na ce ƙarya ne, jikarsa na tsakiyar titin. Ɗana ya ce, "To ko titin ma kun kasa haɗa baki a kai, ina ga cikin aji?"



Yau na ce "To!" da ƙarfi har wata mai talla ta firgita. Daga can aka amsa, a daƙile, kamar an matse shi. Amma an amsa.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ɗana ya ɗauke ni mu ga makarantar bayan gidan mai. Katanga doguwa, fanka a kowane aji, ƙofar ƙarfe. Iyayen da muka tarar duk fuskokin da na sani ne daga layin ƙuri'armu. Kowa na gaishe ni da hannu biyu, ana yi mini jaje a hankali kamar gidan rasuwa.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: na ji sanyi a raina a wurin. Kafaɗuna suka sauka. Ni!

A hanyar dawowa ya kashe rediyon mota ya ce, "Baba, kai ka san makaranta, ni ban sani ba. In ka ce ta zauna, ta zauna. Amma ka sani a kan maganarka na bar ta."

Da faɗa ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na tambayi Aku ko tana son makaranta mai fanka. Ta ce akwai wanda zai riƙe mata hannu a titi? Na ce can babu tsallaka titi, a mota za a kai ki. Ta yi tunani ta ce, "To kai kuma wa za ka riƙa tsayar wa mota? Tsufa zai kama ka."

Na ce ai ya riga ya kama. Ta ce a'a, wannan somin-taɓi ne.

Ban san ko za a sauya malamai wata mai zuwa ba. Ban san ko Malama ta yi rawa ba. In ma ta yi, da tsawo ta jera su.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na ce wa ɗana Aku ta zauna. Ya ce to. Ya sa takalminsa ya fita.

Talata, 28 ga Oktoba

Ba wani abu. Kwanakin nan in an gama tsallakarwa nakan bi bayan yaran in shiga harabar makarantar. Akwai wani kututturen icce a bayan ajin su Aku, daidai ƙarƙashin taga, yana da kyau ga mai ciwon gwiwa. Ana jin komai daga nan. Jiya lissafi suka yi, yau sassan jiki. Babu wanda aka mayar baya.

Jiya Hedimasta ya wuce ya gan ni. Ɗalibina ne a da. Ya buɗe baki, na san maganar da ke kan harshensa, tawa ce. Ya haɗiye ta ya ce, "Malam, a kawo kujera?" Na ce a'a, yanzu zan tashi.

Da na zagayo yau na tarar an riga ni. Tela ne a kan kututturen, ƙyalle a cinya, kunne a sama. Hular na nan a kansa. Ya ce ƙugunsa ne ya riƙe. Na ce ni gwiwa. Ya matsa kaɗan, ba da yawa ba.

Har aka buga ƙararrawar tashi muna nan.