Labarin Kaka Ba Zai Hau Jirgi Ba

Ƙanwata Rukayya,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Sikotilan? Da fatan tarin nan ya sake ki. Inna da Baba suna lafiya, geron Tsaskiya ma ya yi kyau bana.

Tun ranar kasuwar Batsari da saƙonki ya shigo ban dawo daidai ba. Na ga hotonki a gaban dogayen gidajen dutsen nan, irin waɗanda nake karantawa a littattafan soyayya ina saka kaina a ciki. Sai kika ce da kuɗin rake da taba aka gina su, gumin bayin da attajiran garin da kike suka mallaka a hayin teku. Na yi wa bayin kuka, amma ba zan ɓoye miki ba, rabin hawayen na kishinki ne. Maigidana sai maimaita saƙon yake yana cewa, "Kai, Rukayya akwai ƙwaƙwalwa!" Ni da na koya miki haɗa baƙi ina gefe ina tankaɗe.

Yanzu kuma kina so in naɗo miki muryar Kaka, labarin ƙanin kakarta da aka kama a Ruma aka yi kudu da shi a matsayin bawa, ki saka a bincikenki na Turanci. Haba Rukayya, komai sai ke? Ni nake yi mata tsifa, kanta a kan cinyata take ba da labarin.

Ki gaishe da abokan karatunki, ki saka mu a addu'a Allah ya kawo zaman lafiya.

Muryar dai ba zan turo ba. Na sayi littafin rubutu, ni zan rubuta labarin da Hausa, da sunana a bango.

Yayarki,
Asma'u