Hatiminka a kan lofena

Baba,

Na tafi gidan Gwaggo Fiorella kafin ka tashi, don in na tsaya bakina zai yi saɓo. Duk hunturun nan ina sassaƙa lofen nan, ina lallaɓa saiwar icen da nake yin sa da ita har yatsuna suka tsage, sai kawai ka buga masa hatiminka! Da na yi magana jiya, sai ka ce wai, "Haba Ornella, masu tara lofe suna suke saye. Wa ya san ki a garin Pesaro?" To a haka wa zai san ni, Baba?

Signor Baldassarri, mai sayen lofen, zai zo ɗauka da rana. Ka gaya masa hannun da ya yi aikin. In ya fasa saye, ya fasa. In ka yi shiru, ni zan je in gaya masa.

Ornella