A Hana Yara Kai Ƙarfe Maƙerata

Bukoki, Yamai

Zuwa ga maiɗakina Hajjo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ƙafarki ta yi sauƙi, kuma gero ya fara kai. Ƴarmu Safiya ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Jikarmu Raliya tana samun sauƙi. An sallame ta daga likita ranar Talata. Hannun daman dai sun yanke shi daga gwiwar hannu, na hagu ya tsira da yatsu huɗu. Jiya ta tambaye ni ko ana zuga zugazugi da hannu ɗaya. Na ce mata zan yi tunani, na fita waje na daɗe.

Hajjo, a garin nan ba warin gawayin ƙirya nake ji ba, sai hayaƙin mota. Da hantsi kunnena kan nemi ƙarar masaba. Har faɗanki na kan toka a tsakar gida nake kewa.

Ga abin da ya sa na aiko. Kowa na zagin waɗanda suka yi faɗa a fadama suka bar bam ɗin da bai fashe ba, Allah ya isa. Amma wa ya koya wa yaran garinmu cewa duk ƙarfen da aka tsinta a daji maƙera ake kai shi? Ni ne. Haka Baba ya koya mini, haka Kaka Ɗanjimma ya koya masa. Yarinyar nan hauya ƙarama na yi mata alkawari, ni take kawo wa abin da ta tsinta, ya fashe a hannunta.

Na ji har yanzu yara na tara mini ƙarfe bayan rumfa, wai kafin in dawo. Ki je wurin maigari yau, ba gobe ba, a yi shela. Kada kowa ya taɓa tarin nan, a kira soja su duba. Ƙanena Nasiru kuma kada ya hura wutar, ko da kaka ta zo ana neman lauje. Muddin yara na jin masaba, za su kawo.

Mu bakwai muka riƙe wutar nan, uba bayan uba, kuma ina iya jero sunayenmu. A hannuna za ta mutu. Ki ajiye mini irin wake, in na dawo gona zan shiga.

Ki gaishe da mutanen gida. Raliya ta ce a kula mata da akuyarta.

Mijinki,
Tanimu Maƙeri