Robar Bakin Fiddausi

Fatakwal, 3 ga Maris

Safara'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da Fiddausi. Ya zafin Dutse? Ni dai ga ni nan, tsayuwar gadi ta cinye min ƙafafu.

Ɗan'inna direba zai kawo miki robar da Fiddausi za ta riƙa sawa a baki don kare haƙora a wasan taikwando. Malam Idirisu mai koya musu ya aiko cewa in sayi ƙarama, wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza ta kama haƙora. Ban bi tasa ba, ta manya na saya. 'Yar shekara goma sha uku kullum girma take, ko takalmin Sallah ai da sarari muke saya mata. In Malam ya tambaya, ki ce ita kaɗai aka samu.

Mijinki,
Abdulrauf

Fatakwal, 28 ga Maris

Safara'u,

Ina gaishe ku. Ya jikin Fiddausi? Kumburin ya sauka? Tana iya shan kunu?

Na ji komai. Robar ta zame ana tsakiyar gasa, ƙafa ta same ta, haƙoran gaba biyu sun tafi. Irin waɗanda ba sa sake fitowa. Hoton da kika turo na kasa kallonsa sau biyu: yarinyar da dariya ba ta barin bakinta, ga ta ta rufe shi da hijabi.

Shekara tara ina tsare ƙofar wani, tawa 'yar na kasa tsare mata baki.

An ce Yaya Uwaisu zai kai Malam Idirisu wurin 'yan sanda. Ki hana shi, don Allah. Malam yana da nasa laifin, ya ga robar tana rawa, ya ƙyale Fiddausi ta shiga saboda ta yi masa kuka. Amma shi ya faɗi wadda za a saya. Ni na ƙi, ni na sa ki yi masa ƙarya. Ki kai wa Yaya takardata ta farko ya karanta a gaban Malam, har layin ƙarshe. Fiddausi ma ta zauna ta ji.

Kin ce ta wanke robar ta adana cikin akwatinta, wai Baba ne ya saya mata. Ki karɓe ki jefa a masai.

Ki gaida Inna. Ki yafe min.

Mijinki,
Abdulrauf