Tseren Bokiti

Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya garin Ikko, yaya Mama Ladi da yara? Mu lafiya, ban da ƙafafuna.

Da girmana na shiga tseren ma'aikatan reluwe, saboda kyautar sabon bokiti. Jaririnmu ya hana ni barci, ko na fita koyon gudu sai hamma. Safiyar tseren na ce bari in ƙara ƙarfi, na cinye tuwon acca malmala uku. Ban kai rabi ba ciki ya murɗa, na zauna bakin hanya.

Ga shi tun kafin tseren na kyautar da tsohon bokitin matata Saratu. Ku yi mini addu'a. Tana gaishe ku. Ni kam ta ce sai na kawo bokiti.

Ƙaninka,
Dauda