Kada ka hura wutar banda yau

Tanimu,

Zuma ta shiga amyarka. Da hantsi munka ji ƙugi bisa tsamiya, munka hito, sai ga su baƙi ƙirin a bakin amya, suna ta shiga. Wata biyu ina yi maka dariya, ina cewa mai jehwa taru ina ya san kiwon zuma. To, na janye, ɗana. Allah shi sa albarka.

Sai dai ka yi wauta guda. Ka rataye amyar daidai bisa murhun bandarmu, alhali da hayaƙi ake korar zuma. In ka dawo daga ruwa, kada ka hura wuta wurin nan, ko kihin ya kai kwando goma. Kai shi gidan maƙwabcinmu Baba Daniel. Na yi magana da matarshi, ta ce ba su banda yau, murhunsu naka ne. Baƙon da bai ko kwana ba, ba a yi mishi hayaƙi.

Ni da matarka mun tahi bikin suna a garin Wara, jirgin ruwa na jiranmu. Ita ta rubuta, ni na faɗa. Tuwonka na ɗaka, ruhe da faifai.

Kuma ka sani, saƙar zuma ta fari ba taka ba ce. Ta Baba Daniel ce, shi ya saƙa maka amyar, ya shahe ta da kashin shanu. Ta biyu tawa ce, ladan harbin da na sha a kunne wajen leƙa maka su.

Innarka