Baba a Cikin Rigar Dodo

Zuru, Lahadi

Yaya Philemon,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a bariki. Mu ma lafiya, sai dai Baba.

Tun da aka binne Mama bai koma gona ba. Likita ya ce jikinsa ƙalau. Yakan wuni a gindin mangwaro, in an kawo tuwo ya taɓa kaɗan ya ture. Magana kuwa sai da ka. Ko hawaye ban ga ya yi ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Jiya ina kwashe kayan Mama na ga kaset ɗin fim ɗin nan da samarin coci suka yi kafin a haife mu, wanda Baba ya fito a dodo. Ka tuna yadda ake kiranmu 'ya'yan dodo a makaranta? Ban taɓa kallonsa ba. Na ba Abdulmalik mai gyaran talabijin ya juye mana shi a waya. Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Rachael

Zuru, Alhamis

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun kalla. Baba Yero, aminin Baba, ya taso daga ruga musamman, don shi ya ba da fatun awakin da aka ɗinka rigar dodon.

Da farko dariya na yi ta yi. Kan dodon ƙwarya ce aka huda, hoton yana rawa, ga takalmin robar Baba a fili. Akwai inda wutsiyar ta tsinke, wani ya tsinta ya bi shi da ita.

Amma Yaya, fim ɗin nan yana da kyau. Mutane ne suka ƙone wa dodon daji, yunwa ta sauko da shi daga dutse. Ya ɗaga murfin rumbu ya ɗebi dawa daidai cikinsa, sannan ya mayar da murfin, har ya gyara masa zama don kada ruwa ya shiga. Baba Yero ya ce ba wanda ya sa Baba yin haka, halinsa ne na manomi. Da aka kore shi da sanduna yana waiwaye, ni kaina na ji tausayinsa.

Sai ga Mama cikin matan da ke gudu, budurwa siririya. Kowa na ihu, ita kuwa ta toshe baki tana dariya.

Baba ya kama hannuna ya ce, "Mayar da shi baya." Na mayar. Ya ce, "An yi ta sake wurin nan saboda ita, ta ƙi jin tsorona. Ni kuma ta hujin ƙwaryar nan ba na ganin kowa sai ita." Daga nan ya fashe da kuka. Baba Yero ya ce in ƙyale shi ya yi, na ƙyale shi.

Yau da safe Baba ya cinye kokonsa, ya tambayi inda fartanyarsa take. Ban ce ya warke ba, amma yana magana.

Ka nemi hutu ka zo. Baba ya ce akwai wurin da ya zame ya faɗa rafi da rigar gaba ɗaya, ya sa na tsayar da fim ɗin kafin a kai can. Ya ce ba mai gani sai Philemon yana zaune.

Baba na gaishe ka. Allah ya tsare ka.

Taka,
Rachael